Yadda ake shirya hirar rediyo da marubuci, masani ko jagoran masu fasaha

Hirar farko da na yi da wata marubuciya a rediyo, ban karanta littafinta ba. Bayan bangon kawai na duba, na tsamo tambayoyi bakwai daga ɗan bayanin da kamfanin ɗab'i ya rubuta a wurin, na shiga situdiyo ina ji da kaina. A tambaya ta uku na ce, "Malama, tunda littafin nan a kan rikicin gado ne..." Sai ta katse ni cikin murmushi: "Gadon ai shafi biyu ne kacal. Kai a ina ka tsaya?" Kai tsaye muke. Injiniya da ke bayan gilashi ya sunkuyar da kai. Shirun bai wuce daƙiƙa huɗu ba, amma har yau yana cikin kunnena.

Abin da na koya ranar shi ne ƙashin bayan duk matakan da ke tafe. Ka yi shiri kamar mai zuwa jarrabawa a kan aikin baƙonka, amma idan an buɗe makirufo ka yi tambaya da bakin mutumin da ya murɗa rediyo yana tuƙi, ko wadda hannunta ke cikin wanke-wanke, waɗanda ba su taɓa jin sunan baƙon ba. Kai ne wakilinsu a ɗakin.

Mataki na farko: zaɓen baƙo da kiran share fage

Kafin ka kira kowa, rubuta jimla ɗaya da ke amsa tambayoyi biyu: me ya sa wannan mutumin, kuma me ya sa yanzu? "Saboda ya fitar da littafi" bai isa ba. "Saboda ya rubuta labari da bakin yaro ɗan shekara tara alhali shi ya haura sittin" ya isa. Idan jimlar ta ƙi fitowa, hirar ma za ta ƙi. A ƙananan tashoshi akwai jarabar maimaita baƙin da ke ɗaga waya da wuri, har masu sauraro su haddace maganarsu. Ka kula da wannan.

Sai ka yi kiran share fage na kamar minti goma. Da shi za ka ji yadda mutumin yake magana: mai ja ne, ko sai an yi ta tatsa? Ka tabbatar da yadda ake furta sunansa da laƙabin da yake so, domin wanda ya kai Farfesa ba ya jin daɗin a ce masa Dokta a gaban duniya, wata kuma sunan alƙalaminta take so a faɗa ba na yanka ba. Ka gaya masa ko kai tsaye ne ko naɗa za a yi, minti nawa, da wane harshe, kuma ko masu sauraro za su bugo waya. Abu ɗaya ne ba za ka yi ba a wannan kiran: kada ka yi manyan tambayoyinka. Labarin da mutum ya ba ka da zafinsa a waya, idan ya zo maimaitawa a situdiyo sai ya zama ɗumame, har ma ka ji ya ce "kamar yadda na faɗa maka jiya".

Da yawa za su ce a turo musu tambayoyin. Tura musu batutuwa uku ko huɗu da za a taɓa, amma ba tambayoyin kalma da kalma ba. Malamin jami'a musamman, idan ya samu tambayoyi zai zauna ya rubuta amsoshi ya zo ya karanta, kuma kunne ba ya ɓatan muryar mai karatu. Ga ƙarar juya takarda.

Mataki na biyu: karatu

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Studs Terkel, wanda ya gabatar da shirin hira a tashar WFMT ta birnin Chicago a Amurka daga 1952 zuwa 1997, an san shi da zuwa situdiyo riƙe da littafin baƙonsa duk ya sha zane da rubutu a gefen shafuka. Marubuci da ya ga littafinsa a wannan hali ya san ba zancen sama-sama aka kira shi ba, sai ya saki jiki. Shekara 45 mutumin ya yi yana wannan a tashar gari ɗaya, kuma dubban hirarrakinsa suna nan a adane ana sauraro.

Ga yadda nake yi. Ina karatu da fensir da ƙananan takardu masu manne. Alama uku kawai nake sawa: inda na yi mamaki, inda ban gane ba, da inda ban yarda ba. Na biyun ya fi daraja, domin inda na ɓace nan mai sauraro ma zai ɓace. Sannan ina ware sakin layi biyu da zan roƙi marubucin ya karanta da bakinsa, in karanta su da ƙarfi ina duba agogo. Daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya ya wadatar. Abin da ya yi daɗi a ido ba lallai ya yi daɗi a kunne ba, don haka ka zaɓi wurin da wani abu ke faruwa, ko mutum biyu ke magana, kuma wanda ba ya buƙatar dogon bayani kafin a fahimta.

Idan lokaci ya ƙure, littafi mai shafi 400 ya iso hannunka da daddare hira kuma da safe, karanta babi biyu na farko, ɗaya a tsakiya, da na ƙarshe, sannan ka faɗa wa marubucin gaskiya kafin a fara. Za su yafe maka rashin gamawa. Ƙaryar gamawa ce ba sa yafewa.

Na masani daban ne. Ba sai ka fahimci kowane lissafi a takardar bincikensa ba. Karanta taƙaitawar da ke farko, gabatarwa, da kammalawa, sannan ka nemo wurare biyu da 'yan jarida suka cika tsallakewa: inda marubutan suka faɗi gazawar binciken nasu, da inda suka ambaci wanda ya ba da kuɗin yin sa. Ka duba mutum nawa aka bincika, a ina, a wace shekara. Binciken da aka yi da mutum 60 a wuri ɗaya ba zai ɗauki nauyin jimlar "masana sun gano cewa mutane..." ba.

Jagoran ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko mai kula da zauren baje kolin zane, ko mai shirya taron karatun waƙe, shi karatunsa a ƙafa yake. Je ka wurin atisaye ka zauna a baya awa ɗaya. Za ka ga wanda ke share dandali, wanda ya makara, da yarinyar da ke maimaita layi ɗaya sau goma. Daga nan tambayoyi masu rai ke fitowa. Ka tafi da rikodarka, domin sautin wurin zai yi maka amfani daga baya.

Mataki na uku: tsara tambayoyi

Hirar minti 20 ba ta buƙatar fiye da tambayoyi takwas zuwa goma, kuma rabinsu ma ƙila ba za ka kai gare su ba. Tambayi furodusa ainihin mintunan da suka rage maka bayan an cire talla, sanarwa da taken shiri, domin "rabin awa" ba ta taɓa zama minti 30.

Kowace tambaya ta ɗauki abu ɗaya. Idan ka haɗa biyu, baƙo zai amsa mai sauƙin ya bar mai wuyar. Ka guji wadda ake amsawa da "e" ko "a'a", sai fa idan da gangan kake son ka ɗaure mutum a kan matsaya. Kuma ka jefar da tambayoyin nan da kowane marubuci ya gaji da su: daga ina kake samun basira, wace shawara za ka ba matasa. Maimakon haka ka kai shi wani lokaci ko wani wuri takamaimai. "Wane shafi ne kika fi sake rubutawa?" "Ranar da sakamakon ya fito saɓanin abin da kuke zato, me kuka yi?" "Daren farko da kuka buɗe labule, mutum nawa ne a zauren?" Mutum ba ya iya amsa irin waɗannan da lacca, dole ya ba da labari.

Kada ka rubuta cikakkun jimloli. Kalma uku ko huɗu a kan kati ɗaya sun isa, da manyan baƙaƙe yadda za ka gani da wutsiyar ido. Biyu kawai nake haddacewa, ta farko da ta ƙarshe. Tambaya mai zafi kuma, ta kuɗi ko ta suka, a tsakiya take zama, bayan an saba amma kafin lokaci ya ƙure.

Mataki na huɗu: kayan aiki da wuri

A situdiyo injiniya ya ɗauke maka rabin wahala. Idan kai ne za ka je gidan baƙo ko ofishinsa, ga abin da ke raba hira mai sauraruwa da wadda za a jefar.

Makirufo nau'in dainamik, mai ɗaukar abin da ke gabansa ya yi watsi da na baya, ya fi yafiya a ɗaki mai hayaniya fiye da nau'in kwandansa da ke kwaso har numfashin maƙwabci. Ka sa masa soso. Tazararsa da baki kamar faɗin dunƙulen hannu, santimita 10 zuwa 15, kuma a ɗan karkace ba saitin leɓe sak ba, domin harufa irin su "f" da "b" da "t" suna feso iska, sai ka ji "bum" a cikin naɗin. Kai za ka riƙe makirufo. Kada ka miƙa wa baƙo, in ba haka ba ka miƙa masa shirin gaba ɗaya.

Ka duba ma'aunin sauti: kololuwar murya ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 desibel. Idan ta bugi 0 muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da ita yadda take. Murya da ta yi ƙasa kaɗan ana iya ɗaga ta. Ka naɗa a tsarin WAV, nau'in fayil da ba ya matse sauti, ka saita rikoda a kan kilohaz 44.1 ko 48, ka bar MP3 mai matse sauti sai lokacin turawa. Minti ɗaya na WAV mai layin sauti biyu, hagu da dama, yana cin kusan megabait 10, don haka ka leƙa memori kafin ka fita, ka kuma ɗauki batura na biyu ko da na ciki sababbi ne.

Hedfon ba ado ba ne. Kunnenka yana tace ƙarar fanka da firji da agogon bango ba tare da ka sani ba, makirufo kuwa ba ya tace komai. Na taɓa zama awa guda da wani dattijon malami, hira mai daɗi, na dawo na tarar da kukan na'urar sanyaya ɗaki a ƙarƙashin kowace kalma, don kawai na ji nauyin sa hedfon a gabansa. Ka roƙa a kashe abin da za a iya kashewa. Ɗaki mai labule, kafet da kantar littattafai ya fi babban zaure mai sumul da ke amsa kuwwa. Wayoyi duka a sa su a yanayin jirgin sama, domin ko a shiru suke suna iya jefa ƙara cikin naɗi. Bayan an gama, kowa ya yi tsit ka naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30. Wajen tacewa za ka gode wa kanka.

Idan ta waya ce, ka sani layin tarho na gargajiya yana ɗaukar sauti ne tsakanin haz 300 da 3,400 kawai, shi ya sa murya ke fitowa siririya. Dabarar ita ce baƙo ya yi magana da kai a waya ɗaya, ya ajiye ta biyu a gabansa tana naɗar muryarsa, ya turo maka fayil ɗin bayan an gama. Ka ce ya tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti.

Mataki na biyar: minti goma kafin a fara

Duk gaisuwa da tambayar iyali da gajiya a gama su a nan, a waje. A iska "barka da zuwa" ta wadatar. Ka ba shi ruwa, ka nuna masa jar fitilar da ke nuna an buɗe makirufo, ka ce kai zai kalla ba makirufo ba, ka roƙe shi ya cire agogo ko awarwaro mai bugun teburi. Gwajin murya kada ya zama "ɗaya, biyu, uku", domin ba da wannan muryar zai yi hira ba. Tambaye shi yadda hanya ta kasance, injiniya ya daidaita a kan amsar.

Terry Gross, mai gabatar da shirin Fresh Air daga tashar WHYY ta birnin Philadelphia a Amurka tun 1975, takan gaya wa baƙinta kafin a fara cewa idan magana ta sarƙe suna iya tsayawa su sake, kuma idan tambaya ta shiga sirrinsu da yawa suna iya cewa a wuce. Wannan na shirin da ake naɗa ne, kuma na gwada shi na ga amfaninsa ga marubuta da masu fasaha: wanda ya san ƙofa a buɗe take ya fi zama. Amma ban yarda a yi wa mai riƙe da kuɗin jama'a wannan rangwame ba. Shugaban cibiyar fasaha da ya karɓi tallafi, tambayar inda kuɗin ya shiga ba sirrinsa ba ce.

Mataki na shida: cikin hirar

Abu mafi wuya ga Bahaushe a gaban makirufo shi ne yin shiru yayin da wani ke magana. Mun saba da "to", "na'am", "haka ne", "ƙwarai", kuma rashinsu a zance kamar raini ne. A rediyo kuwa suna hawa kan muryar baƙo, ba sa ciruwa. Ka mayar da su gyaɗa kai da ido. Ka gaya wa baƙon tun farko cewa haka za ka yi, kada ya ɗauka ka tafi wani tunani.

Sai sauraro. Yawancin masu farawa, yayin da baƙo ke amsa ta biyu su suna can suna shirya ta uku, sai zinariya ta faɗi a gabansu su tsallake. Idan marubuciya ta ce, "Bayan rasuwar yayata na ajiye alƙalami shekara shida," tambaya ta gaba ba ta kan katinka. "Me ya dawo da ke?" ita ce. Kuma idan amsa ta ƙare, ƙirga biyu a zuci kafin ka yi magana. Sau da yawa abin da mutum ya ƙara don cike wannan ɗan gurbin ya fi duk abin da ya faɗa a baya.

Da marubuci, ka kai shi ga karatun da ka zaɓa da wuri, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kada ka tona ƙarshen labari. Kada kuma ka ɗauka duk abin da jarumi ya yi marubucin ne ya yi. Idan kana zargin haka ne, tambaya za ka yi.

Da masani, yaƙinka da kalmomin fanni ne. Da zarar ya saki ɗaya, tsayar da shi cikin ladabi: "Farfesa, a gafarce ni, wannan kalmar me take nufi ga wanda bai shiga ajinku ba?" Ko ka gane, ka tambaya, ba don kanka kake yi ba. Ka nemi misali. Ka rage alƙaluma zuwa ɗaya ko biyu, a kuma juya su yadda kunne zai riƙe: "mutum ɗaya cikin huɗu" ya fi "kashi 25 cikin ɗari" zama a kai. Wata tambaya da ba na barin ta: "Wannan bincikenku ne ya nuna, ko ra'ayinku ne?" Masanin kirki yana jin daɗinta. Idan ya ce abu kaza yana tafiya tare da abu kaza, kada kai ka mayar da shi "yana haddasawa" a taƙaitawarka.

Jagoran masu fasaha yawanci da sanarwa ya zo: rana, wuri, lokaci. Haƙƙinsa ne, ka yi masa alkawarin za ka karanta su da kanka a ƙarshe, sai hankalinsa ya kwanta ya daina cusa su cikin kowace amsa. Idan ya fara "muna wayar da kan al'umma", ka ce ya ba ka labarin mutum ɗaya da ya shigo ƙungiyar da yadda yake yanzu. A rediyo ji ne ya kori gani, don haka idan zane ake magana ka sa shi ya siffanta hoto ɗaya tak: girmansa, launinsa, abin da ido ke fara faɗawa a kai. Idan akwai yara a wasan, kada ka naɗi muryarsu sai da izinin iyayensu.

Duk bayan minti biyar ko shida ka sake faɗin sunan baƙo da abin da ake tattaunawa. Mutane a tsakiya suke shigowa.

Magana zarar bunu ce, balle a shirin kai tsaye. Idan baƙo ya ambaci sunan wani ya ce ya sace masa labari ko ya cinye kuɗin ƙungiya, tashar da ta yaɗa zargin tana iya shiga shari'ar ɓata suna tare da shi. Ka tare nan take, ka ce wannan zargi ne, wanda ake magana a kansa ba ya nan don ya kare kansa, ka juya akalar. Tashoshi da dama suna jinkirta abin da ke fita da daƙiƙa bakwai ko makamancin haka saboda masu bugo waya. Ka san ko taku tana da wannan na'urar, ka kuma san wanda yatsansa ke kan maɓallin datse magana kafin ta fita. Mai ja da magana kuwa, ka jira inda zai ja numfashi ka shiga da kalmarsa ta ƙarshe, sai ya zama kamar ci gaba kake nema ba katsewa ba.

Mataki na bakwai: tacewa da adanawa

Kafin komai ka kwafi fayil ɗin asali wuri biyu, ka yi aiki a kan kwafi. Manhajar tace sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aikin. Saurari hirar gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba, kana rubuta mintunan da kunnenka ya miƙe da inda ya kwanta. Ka fara yanke manyan gutsattsari, amsa sukutum da tambayarta, kafin ka koma kan "eh" da "am". Kada ka share su duka, kuma kada ka cire numfashi, mutum ne ke magana ba inji ba. Inda yanka ya bar rami, cike da shirun ɗakin nan da ka naɗa.

Iyaka ɗaya ce ba a ƙetarewa: ma'ana. Idan masani ya ce "mai yiwuwa", ko "a cikin waɗanda muka bincika", waɗannan kalmomin ba ciko ba ne, su ne gaskiyar maganar. Haka nan ba a ɗauko amsar wata tambaya a liƙa wa wata.

Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, bayan ka san abin da hirar ta zama. Jimla uku: wane ne, me ya yi, me ya sa za a tsaya a ji. Idan za ka sa waƙa ko dogon karatu daga littafi, musamman idan shirin zai hau intanet ya zauna, ka tambaya wa ke da haƙƙin mallaka, domin wani lokaci yana hannun kamfanin ɗab'i ba marubucin ba. Ka sanar da baƙo ranar da za a sa shirin, ka tura masa bayan an sa. Sunan fayil kuma ya fara da shekara, wata da rana, sannan sunan baƙo, a ajiye shi tare da katin tambayoyinka da ɗan rubutu na inda aka yi hirar da wanda ya naɗa.